Ƙararrawar Ɗakin Hajiya

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki da ƙannenki da duk wanda ke cikin gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya sauke ki Legas cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki a sabon wurin aikinki. Ki durƙusa ki gaida mini Hajiya, ki ce ina yi mata sannu da jiki.

Jiya mun rabu a waya ba daɗi. Ke kina cewa kin gwada, ni ina cewa ba ki gwada ba, har muryata ta hau inda ban so ta hau ba. Sai layi ya katse, ban sani ba ko sabis ne ko ke ce. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki karanta har ƙarshe kafin ki zuge jakarki, don maganar numfashin kakarki ce.

Bari in fara da yabo, kada ki ce tsohon nan bai iya komai ba sai kushe. Tunaninki ya yi. Hajiya tana kan injin oksijin, injin kuwa da wutar NEPA yake aiki, ɗan kukan da yake yi in an ɗauke wuta ya mutu tun kafin mu saye shi. Da rana mahaifiyarki tana makaranta a Hotoro, yara ba sa nan, ke ce mai zama da ita, ga shi ke ma za ki tafi. Sai kika haɗa ɗan akwati mai batirinsa, kika kafa shi a bangon ɗakinta: in wuta ta ɗauke, ya kaɗa ƙararrawa a barandar maƙwabciyarmu Maman Bulus, wadda layin wutarsu daban ne da namu, ya kuma tura saƙo wayar Goggonki Rabi a shagonta na kasuwar Tarauni, don wani ya zo ya buɗe wa Hajiya silindar oksijin da aka ajiye don ko-ta-kwana. Da na ji, sai da na nuna wa wani abokin aikina hoton akwatin. Ni da ba na nuna wa mutanen ƙasar nan da nake aiki komai nawa.

Da kika turo mini kod ɗin, wato umarnin da kika rubuta wa akwatin, na buɗe shi lokacin hutun cin abincin rana. Ya yi tsaf, ya fi wanda nake rubutawa ina shekarunki. Kin ware wani ɗan gurbi a ma'ajiyar akwatin kin sa masa suna tuta. Akwai ɓangaren da ke farkawa da kansa in wuta ta ɗauke, ya ɗaga tutar. Akwai kuma babban zagaye da ke ta leƙa tutar, in ya gan ta a ɗage ya kaɗa ƙararrawa. Duk wanda ya karanta zai ce daidai ne. Amma injin ba ya karanta abin da kika rubuta. Tsakaninki da shi akwai kwamfaila, wanda ni tafinta nake ce masa, shi ke juya maganarki zuwa ƙananan umarnin da injin ke bi. Na tuna kin ce da kika ƙara ɓangaren tura saƙo manhajar ta yi wa ƙwaƙwalwar akwatin yawa, sai kika sa tafinta ya matse ta. Na sa shi ya matse kamar yadda kika yi, sannan na yi abin da ya zame mini jiki, na ce ya nuna mini abin da ya rubuta wa injin, wato asembili.

Na karanta. Na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Layin farko ya ce a ɗauko abin da ke gurbin tuta. Na biyu ya ce a duba ko sifili ne. Na uku ya ce in sifili ne a tsallaka zuwa wuri kaza. Na bi wuri kazan da yatsa a kan allo. Layi ɗaya ne tak a wurin, abin da ya ce kuwa shi ne a tsallaka zuwa nan. Nan ɗin kuma shi ne shi kansa.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da matar da ke teburin gefena ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Kin gane abin da wannan ke nufi? Akwatinki ya leƙa tutar sau ɗaya, ranar da kika kunna shi, ya ga akwai wuta, bai sake leƙawa ba har yau. Koriyar fitilarsa tana ci, kowa ya shigo ɗakin ya gan ta hankalinsa ya kwanta, shi kuwa yana can yana kewaya layi ɗaya. Ko a ɗauke wutar Kano gaba ɗaya ba zai yi ko tari ba.

Kuma tafinta bai yi miki ƙarya ba, wannan ne abin da ya fi ɗaure kai. Ya duba zagayenki, ya ga babu abin da ke taɓa tuta a cikinsa. Ba ki gaya masa akwai wani hannu daga waje da ke iya ɗaga ta ba. Kin ce ya rage nauyi, sai ya ce, to me zai sa in yi ta zarya ina duba abin da babu mai canza shi? Ya duba sau ɗaya ya huta. Kalma ɗaya ce ta ɓace a gaban sunan tutar, volatile, wadda ke ce masa, abin nan yana canzawa a bayan idonka, kullum ka koma ka duba. Gwajin da kika yi a kan teburinki gaskiya ne, ƙararrawa ta kaɗa, ban musa miki ba. Amma wancan kafin matsewa ne. Wanda ke jikin bango ba ki gwada shi ba, kuma na san dalili: ba ki iya kashe wa kakarki wuta da hannunki tana kwance da roba a hanci. Ban ga laifin zuciyarki ba. Sai dai abin da kika gwada da abin da kika kafa ba abu ɗaya ba ne.

Kada ki zaci daga sama nake miki magana. Ni ma a ramin nan na fara faɗawa. Kafin a haife ki ina aiki a wani ɗan shago a Tarauni, muna haɗa na'urar da ke kunna famfon rijiyar burtsatse ta kashe shi in tanki ya cika. Maigidana Malam Yohanna ne, mutumin Kudancin Kaduna, tsohon injiniya, ga ilimi ga baki. Famfo ba ya son a kashe a kunna a jere, sai an ɗan jira, don haka na rubuta zagayen da ba ya komai sai ƙirga, don ya ɓata lokaci. Tafinta ya ga ƙirgar ba ta da amfani ga kowa, ya share ta ɗungurungum. Muka kafa a gidan wani Alhaji a Babban Giji. Ruwa ya kai bakin tanki yana kaɗawa, na'ura ta shiga kunnawa da kashewa kamar mai tafi, har famfon ya ƙone. Alhajin ya zo shago da 'ya'yansa riƙe da jarkoki, ya jera su a ƙofa.

Ni kuwa ina ta rantsuwa cewa kod ɗina daidai ne. Malam Yohanna ya bar ni na gama, ya jawo kujera, ya buɗe asembili ya ce, "Nuna mini ƙirgarka."

Na duba sama, na duba ƙasa. Babu.

Ya ce, "Kai Bakano, in ka yi aike kasuwa aka kawo maka leda a ɗaure, haka kake juyewa a tukunya?"

Na ce, "Ai Oga, abin da na rubuta..."

Ya ce, "Abin da ka rubuta yana wurinka, ka ajiye, ka nuna wa surukanka. Famfon Alhaji kuwa wannan da ke allo ya ci."

Tun ranar ban sake kafa abin da ban buɗe ledarsa ba. Ke ma ki riƙe wannan. Ba kowane layi za ki karanta ba, ba mai wannan lokacin. Amma duk inda ake jira, duk inda ake sauraron wani abu daga waje, duk inda in ya kuskure wani zai cutu, ki buɗe ki ga abin da aka ce wa injin da sunanki. Kuma duk sanda kika canza saiti, ko kaɗan ne, ki ɗauka sabon abu ne a hannunki, gwajin jiya bai shafe shi ba.

Sai dai kada ki yi wautar da na yi bayan nan. Na tsani tafinta kamar ya ci mini gado. Na koma rubuta komai da hannuna a asembili, ina taƙama babu mai shiga tsakanina da inji. Abin da za a gama a mako sai in kai wata. Malam Yohanna ya yi magana har ya gaji. Da na samu hanyar fitowa waje na bar masa shagon cike da aikin da babu mai iya karantawa, har ni kaina in na waiwaya. Daga baya na ji ya watsar da shi duka ya sake daga farko, kuma bai taɓa yi mini ƙorafi ba, wanda ya fi mini ciwo. Tafinta ya fi ni sauri, ya fi ni sanin injin, a mafi yawan wurare abin da yake rubutawa ya fi nawa kyau. Ki yi aiki da shi, ki gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa, ki duba bayansa. Iyakarta ke nan.

Yanzu ga abin da ban gaya miki a waya ba, don a lokacin ni ma ban sani ba. Da layinmu ya katse na kira Goggonki Rabi. Na ce mata kada a sake barin Hajiya ita kaɗai, akwatin ba ya aiki. Na zaci za ta firgita. Sai ta ce, "Au, ashe ka sani."

Na ce, "Na san me?"

Ta ce, "A'a, babu komai, Yaya."

Sai da na haɗa ta da Allah. Ran Talata, kina can wurin karɓo takardunki, an ɗauke wuta bayan azahar. Ƙararrawa ba ta kaɗa ba, saƙo bai je ba. Rabi tana shago tana auna wa mutane shinkafa. Allah ne Ya kawo Maman Bulus, ta yi faten acca ta ce bari ta kai wa Hajiya tun da zafinsa. Ta tarar da inji a mace, Hajiya ta jingina da bango, leɓɓanta sun yi duhu, carbi a hannu, ko kiran mutum ba ta iya yi. Matar nan ita ta buɗe silinda, ita ta zauna riƙe da hannunta har numfashi ya dawo. Babu wanda ya san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka.

Na ce, "Rabi, kuma ba ku gaya wa Ummi ba?"

Ta ce, "Yaya, yarinya ta yi ƙoƙari, duk unguwa an san ita ta haɗa, ga shi za ta tafi. In karya mata gwiwa? Na ce ko abin gajiya ya yi, zai warware."

Na ce, "Gajiya? Jaki ne?"

Ta ce, "To ni na san kan abinku? Kuma Hajiya ce ta hana. Cewa ta yi duk wanda ya gaya wa takwararta ba ta yafe ba. Wai kuma kada a ɗaga wa na Turai hankali."

Na Turai. Ni ke nan. Uwata ta kusa tafiya ran Talata, ran Laraba mun yi waya da ita, na ce ya jiki ta ce da sauƙi, har tana tsokanata wai na manta ɗanɗanon miyar kuka. Washegari kuma, da kika sake fita, Rabi ta buɗe shago, ta bar ta da akwatin da ta riga ta san bai kaɗa ba, don in ta zauna gida za ki tambayi dalili. Ina zaune a ƙasar mutane, ina gyara musu na'urorin hawa bene don kada tsofaffinsu su maƙale, tawa tsohuwar kuwa sai a asembili na gano halin da take ciki. Na yi fushi da Rabi, na faɗa mata maganganu. Amma da na huce na ga ba mugunta ba ce. Kawaici ne, irin wanda aka rene mu da shi, kuma ni ne mutum na ƙarshe da zai jefe ta.

Shekarun farko da na zo nan, shugaban sashenmu wani dattijo ne mai furfura, ya girmi Malam Yohanna. Shi ya rubuta ɓangaren da ke lura da ƙofar na'urar hawa bene. Na buɗe asembili na ga tafinta ya sauya jerin abubuwa biyu da bai kamata a sauya ba. Na gani sarai. Amma yaya zan tsaya gaban sa'an ubana, a gaban mutane, in ce aikinka da gyara? Sai na bi shi bayan taro, na gaishe shi, na yabi aikin, na ce ko da hali wata rana a sake duba wajen ƙofar nan. A Kano wannan magana ce babba, duk dattijon da aka yi wa ita ya san an ce masa akwai wuta a rufin ɗakinsa. Shi kuwa ya ce madalla, ya dafa kafaɗata ya wuce. Aka fitar da na'urar. Ƙofofi suka riƙa maƙalewa, aka dawo da kaya, aka zauna bincike. Na ce ai na faɗa. Dattijon ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Yaushe?" Da na maimaita abin da na ce masa, sai ya ce, "Wannan ai gaisuwa ce." Ba a kore ni ba, amma an daɗe ba a ba ni wani abu mai nauyi ba, kuma ban ce sun zalunce ni ba.

Inda za ki, za ki tarar da manya da suka fi ki shekaru da matsayi. Ki gaishe su, ki ba su girmansu, kada ki zama marar kunya don kin iya abu. Amma in kin ga ɓaraka a inda rai ko lafiyar wani ke rataye, ki faɗe ta da sunanta, ki nuna layin, ki tabbata an ji. Kuma ki san cewa mutanen da ke ƙaunarki su ne za su fi ɓoye miki cewa aikinki ya gaza. Kada ki tambaye su ko yana aiki, za su ce yana yi. Ki tambaye su yaushe aka ɗauke wuta, kuma me suka ji.

Ga abin da nake so ki yi, da rana, ranar da mahaifiyarki take gida. Ki fara sa wa Hajiya silinda, ki ga ta daidaita. Ki je gefen mita ki sauke babban makunni da hannunki, akwatin yana yadda yake, kada ki taɓa shi tukuna. Ki tsaya a tsakar gida ki saurara. Ina so ki ji shirun nan da kunnenki, don in ni na gaya miki za ki manta, in kin ji ba za ki manta ba. Sannan ki ƙara kalmar, ki sake fassarawa da saitin matsewa, ki buɗe asembili ki ga cewa tsallen yana komawa kan layin da ke ɗauko tuta, ba kan kansa ba. Ki ɗora wa akwatin, ki sake sauke makunni, ki maimaita har Maman Bulus ta gaji da ku. Ki turo mini layukan in gani. Kuma ki shiga gidanta ki yi mata godiya irin wadda ta dace, ki ce ni ma zan kira ta.

Bayan nan ki zauna gaban Hajiya da Rabi ki gaya musu da bakinki cewa akwatin bai yi aiki ba ran Talata, kin sani, kin gyara. Hajiya za ta ce wa ya gaya miki. Ki ce ni ne, rashin yafiyar ta sauka a kaina, na ɗauka. Ki roƙe su, duk ranar da ya sake yin shiru, ke za a fara kira.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Ko an gyara, akwati ba mai jinya ba ne. Batiri na mutuwa, sabis na ɗaukewa, Maman Bulus tana zuwa coci da kasuwa kamar kowa. Ba zan ce ki fasa tafiya ba, aikin nan guminki ne, kuma ba ni da bakin faɗar haka, ni da na aiko da inji na zauna a nan. Rabi ma ba zan ce ta rufe shago ba, da shi take ci da marayunta. Na ce mata ta nemo mace mai hankali a dangi ko a unguwa da za ta riƙa wuni da Hajiya. Na kuma nemi hutu a wurin aiki. Sun ce ba yanzu ba, kuma wanda ya tafi ana tsakiyar aiki ba lallai ya tarar da kujerarsa ba. Na ji su. In har ranar tafiyarki ta zo ba a samu mai zama ba, ki gaya mini gaskiya, ba irin gaskiyar Rabi ba, zan sayi tikiti. Ki sanar da Hajiya haka. Za ta ce kada in zo, za ta ce tana lafiya. Ki ce mata na ji, kuma ina tafe.

Allah Ya ba ta sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya tsare hannunki daga cutar da wani da saninki ko ba da saninki ba, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki.